Hammadun Cikin Majigi

A Anka, in ka ambaci Ɗalhatu Mai Majigi kowa da abin da zai faɗa. Masu shayin bakin tasha cewa suke bakinsa ya fi injin majigin ƙarfi, don injin yakan mutu, bakin ba ya mutuwa. Fulanin da ke shigowa cin kasuwa su ce shi ya sa suka daina ɓoye shanu in masu allura sun zo. Matarsa Saudatu kuwa ta taɓa gaya wa iyalina cewa shekara goma sha tara tana gidansa ba ta taɓa jin ya ce wa wani mahaluki "yi haƙuri" ba. In ya taka maka ƙafa, sai ya tambaye ka abin da ƙafarka ke nema a ƙarƙashin tasa.

Ni Magaji, ni ne direbansa. Shekara bakwai ina jan Landrobar majigi tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi, yana magana ina sauraro. In mun isa gari sai in kafa sanduna biyu, in ɗaure farin zane, in ta da inji. Da an idar da sallar lisha sai ya ɗauki makirfo ya fara da abin da kullum yake farawa da shi: "Jama'a, abin da za ku gani ba tatsuniya ba ne. Majigi ba ya ƙarya."

Kuma ba ya yi ɗin. An nuna musu gada, suka je suka iske gada. An nuna musu masu allurar shanu da farar riga, bayan wata guda masu farar riga suka zo. Taki, rijiya, maganin fara, duk abin da ya hau zanen nan sai ya sauko ƙasa.

Yawancin finafinan da Turanci suke, don haka Ɗalhatu ke fassarawa, kuma yana da hanyarsa. Duk wanda ya fito a zane sai ya raɗa masa suna irin namu. "Ga Bello nan, ya ƙi haƙa masai, ku dubi cikinai!" Sai fili ya ɗauki dariya, duk wani Bello da ke wurin ya sha tsiya har mako ya zagayo. Mutane na son haka. Shi ma yana so.

Ƙarshen daminar 1980, ana cikin yankan gero, ya dawo daga Gusau da gwangwanaye uku naɗe a cikin bargo. Wani abokinsa mai aiki a gidan silima ne ya ara masa na kwana goma. Ba na gwamnati ba ne, fim ne na Turawa, faifai uku. Da azahar muka toshe tagogin sito da buhunna muka kunna, mu biyu.

Labarin wani ƙaton jirgin sama ne da ya tashi cike da mutane zai haye teku, injinsa ɗaya ya kama da wuta. Ni ba Turanci nake ji ba, amma na san inji. Tun kafin kowa a cikin jirgin ya farga na ji ƙarar ta sake, tana tari kamar motar da ruwa ya shiga tankinta.

Na ce, "Malam Ɗalhatu, injin ga ba shi da lahiya."

Ya bugi cinyarsa. "Ka ji ko! Kai da ko tsani ba ka son hawa, ka ji shi! Dubi shayin can, Magaji, dubi shayin!"

Na duba. Wata mata ce riƙe da kofi, shayin ya karkata gefe guda alhali hannunta bai motsa ba. Ba wanda ya ce jirgi ya karkace, shayin ne ya faɗa. Haka fim ɗin yake tun daga farko har ƙarshe. Matuƙin jirgin ya goge tafinsa a wando kafin ya kama sitiyari, kamar yadda nake yi in na tunkari gulbi. Wata allura a gabansa tana rawa, ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ko za ta gyaru. Wani tsoho ya ciro hoto daga aljihu, bai kalla ba, ya mayar.

"Wanda yash shirya wanga abu ya taɓa jin tsoro," in ji Ɗalhatu. "Ba labari anka ba shi ba."

Amma kiɗan ne ya kama shi. Da fari kamar masu goge arba'in sun taru suna jan zare ɗaya a hankali. Can ƙasa akwai wata ganga mai kauri, ba ta sauri, ba ta tsayawa, tana tafiya daidai da bugun ƙirjinka har ka rasa wanne ne naka. In abu ya kai maƙura sai duk su yi tsit, a bar wani abin busa shi kaɗai, siriri, kamar sarewar makiyayin da yamma ta yi masa nesa da gida. Ɗalhatu da in yana magana bai iya barin fili ko na shan iska ba, a wurin nan sai ya rufe baki. Na waiwaya na ga gemunsa ya jiƙe. Na mai da idona kan zane.

Na san dalili. Ya taɓa gaya mini sau ɗaya, a tsakiyar wani barkwanci, cewa yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya tafi Makka a ƙasa. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba a kawo labarin rasuwa ba, ba a yi sadaka ba. Ya faɗa ya wuce zuwa wani zancen, ni ma ban ɗaga ba.

Sau huɗu ya kalli fim ɗin a sito. A na huɗun ya ce, "Zunubi ne mu ga wanga mu biyu kaɗai."

Ranar Asabar aiki ya kai mu Tungar Rini, wani ƙauye a bayan Bukkuyum, rabi manoma rabi Fulanin da suka daɗe da zama. Fili ya cika. Muka fara da faifan gwamnati na maniyyatan bara suna shiga jirgi a Sakkwato, suna ɗaga hannu, don a makon nan ne na bana suka tashi. Hadari ya haɗo daga gabas. Ɗalhatu yana kallon sama yana kallon agogo. Faifan maniyyata na ƙarewa ya zare shi ya ɗora na Turawa, bai ce uffan ba a tsakani. Mutane sun ga alhazai sun hau jirgi, ƙofa ta rufe. Abu na gaba da suka gani, jirgi ne a cikin gajimare.

Ya shiga raɗa sunaye. Matuƙi ya zama Bature. Ma'aikaciyar jirgi ta zama Binta, aka yi ta shewa. A cikin fasinjojin akwai baƙin mutum guda, dogo siriri da farar riga, wanda yawanci ta gefe ake nuno shi yana kallon taga. Ɗalhatu ya ce, "Ga Hammadu nan, ya samu kujerar taga, shina ƙirga shanun mutane daga sama!" Aka fashe da dariya.

A ƙarshen faifai na biyu jirgin ya yi wata girgiza, kaya suka zubo daga sama, wani akwati ya sami mutumin a ka. Jini ya rufe masa fuska. Binta ta zo ta taɓa wuyansa, ta ja bargo ta lulluɓe shi. Ɗalhatu ya san sarai mutumin zai tashi a faifai na uku. Amma yana son ya riƙe numfashin jama'a, sai ya sassauta murya ya ce, "Inna lillahi. Hammadu ya kwanta. Allah shi jiƙan Hammadu." Gogen ya ɗauke, abin busan nan ya shigo shi kaɗai, Ɗalhatu ya sauke makirfo. Hasken injin yana kan fuskarsa, kowa na iya ganin hawayen.

Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka watse. Muka yi ta kokawar rufe inji da faifai. Ina kwance zanen na ga wata tsohuwa tsaye a cikin ruwan, ita kaɗai, ta ƙura wa zanen ido har na gama naɗewa. Na so in tambaye ta ko lafiya. Ɗalhatu ya ƙwala mini kira, na shiga mota.

Kwana biyar bayan nan muna Gummi, a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da masu kifi, wani Bafillace ya jingine keke ya nufo mu. Ƙafafunsa duk laka har gwiwa. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Kai ne mai majigi?"

"Ni ne, in ba an sake wani ba da dare," in ji Ɗalhatu.

"Sunana Manu, daga Tungar Rini. Na je Anka anka ce kuna Bukkuyum, na je Bukkuyum anka ce kuna nan. Tambaya ɗaya nika yi. Yayana Hammadu, ya mutu ko bai mutu ba?"

Ɗalhatu ya yi dariya. "Wane Hammadu?"

"Wanda kac ce Allah shi jiƙan shi. Kwana goma ke nan da munka raka shi mota, ya tahi aikin hajji."

Dariyar ta tsaya a rabi. Ɗalhatu ya ce, "Haba, bawan Allah! Wasa ne na Turawa. Sunan ma ni nas sa mishi. Kowa ya san haka nika yi."

"Ni na yi zaton haka. Liman ma ya ce haka. Mai gari ya ce bai sani ba, don shi ma ya ga sun shiga jirgi. Amma Innarmu Hure tun daren nan ba ta sa komi bakinta ba. Ko ruwa sai an ɗiga mata. Ba ta kuka, ba ta magana, ta juya ma bango. Jiya ta kasa tashi salla."

"To ku gaya mata rediyo bai hwaɗi ba! Da jirgin alhazai ya faɗi ai da duniya ta ji."

"Mun gaya mata. Ta ce rediyo ba shi da ido."

Ɗalhatu ya miƙe yana kakkaɓe riga, yana faɗa da iska. Wai shekara nawa yana raɗa sunaye ba wanda ya daina cin tuwo. Wai laifin hadari ne, da an ga faifai na uku da ba a yi haka ba. Wai fim ne ya yi kyau da yawa, shi ke nan laifinsa. Manu ya dube ni. Na ɗauki kekensa na ɗora a kan Landroba na ɗaure.

"Ina za ka?" in ji Ɗalhatu.

Na ce, "Faifai na uku na cikin mota."

Fuskarsa ta washe. "Yawwa! Abin da nika shirin cewa ke nan. Ta ga jirgi ya sauka, ta ga mutum ya tashi, magana ta ƙare."

Ruwan kwanakin nan ya ɓata hanya. Daga inda muka bar titi zuwa Tungar Rini tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta cinye mana wuni. Sau biyu muna kafewa. A na biyun tayoyin baya suka nutse har gindi a wata fadama, muka yi ta yankan reshe muna cusawa. Manu yana turi yana cewa, "Jiya da asuba na baro ta tana numfashi sama-sama." Ya faɗa sau uku, ba da kowa yake ba. Ɗalhatu ya tuɓe babbar riga ya shiga lakar, abin da ban taɓa gani ba. Yana turi yana ba mu labarin yadda jirgin zai sauka, yadda tayar gaba ta ƙi fitowa, yadda ganga ke ƙara kauri. Ba wanda ya ce masa ya ci gaba, ba wanda ya ce ya bari. Da motar ta fita ya zauna a gaba ya rungume gwangwanin faifan a ƙirji har muka isa.

La'asar sakaliya muka shiga. Gidan yana gefen gari, kusa da garke. Matar Hammadu, Laraba, ta tarbe mu a ƙofar ɗaki da ƙoƙon kunu a hannu. Ta cire 'yan kunne, kitsonta a tsefe. Liman ya hana ta shiga takaba ba tare da shaida ba, ita kuma ta kasa mayar da 'yan kunnen.

"Tun safe nika ɗumama shi," ta ce, tana nuna ƙoƙon. "Karo na huɗu ke nan."

Inna Hure tana kwance a kan gadon kara, fuska ga bango. Na gane ta, ita ce ta cikin ruwan. Amma ta ragu ƙwarai, kamar an zare wani abu daga cikin zanen da ta lulluɓa da shi. Leɓunanta sun tsage.

Ɗalhatu ya durƙusa daga nesa. "Inna, sannu da jiki. Ni ne mai majigi. Na zaka in gwada miki sauran. Ba a gama ba ran nan, ruwa yak kore mu."

Ba ta juyo ba.

Ba mu jira duhu ba. Na ja waya daga mota, Manu ya toshe ƙofa da tabarma, muka rataya zanen a ninke a jikin bangon da take fuskanta, don kada sai ta juya. Ɗakin ƙarami ne, hoton bai fi faɗin faifan tuwo uku ba. Na kunna.

Ko a wannan hali, sai da fim ɗin ya kama ni. Jirgin yana saukowa da hayaƙi a fiffike ɗaya. Mutane sun dunƙule, kai a gwiwa. Matuƙin yana ja da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta fito. Ganga tana bugawa a cikin ɗan ɗakin nan har ƙwaryar da ke rataye tana amsawa. Taya ta taɓa ƙasa ta yi tsalle, ta sake taɓawa, wuta na tartsatsi, jirgin ya yi ta jan ciki har ya tsaya. Kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya. Ba ka jin komai sai ƙarfe yana hucewa, ƙas, ƙas, kamar Landroba in na kashe ta bayan doguwar tafiya. Sannan aka buɗe ƙofa. Aka fito da mutumin a kan gadon ɗauka, kai a naɗe, ya ɗaga hannu yana kare hasken rana.

"Ga shi nan!" in ji Ɗalhatu. "Inna, kin gani? Ya tashi! Da rai!"

Laraba ta saki wani sauti ta toshe baki. Manu ya ce alhamdu lillahi, shi da ya san wasa ne.

Idon tsohuwar a buɗe yake. Ta kalla tun daga farko. Da faifan ya ƙare, zanen ya koma fari, ta yi magana, muryar kamar ana murza busasshen ganye.

"Wanga ba nawa ba ne."

"Yawwa, Inna! Abin da munka hwaɗi ke nan. Ba shi ba ne."

"Wanga da kunka tasar ba nawa ba ne. Nawa shi ne wanda anka rufe da bargo."

Ɗalhatu ya dube ni. Ya matsa kusa. "Inna, mutum guda ne. Ɗan wasa ne, biyan shi aka yi. Jinin ma ba jini ba ne. Jirgin ma ƙila ko tashi bai yi ba, a cikin wani ɗaki anka shirya shi. Gwanintar ke nan, su sa ƙarya ta yi kama da gaskiya har shayi..."

"Kai kac ce majigi ba ya ƙarya."

"Na gwamnati nika nuhi."

"Ba ka ce ba."



Ta ja numfashi da ƙyar. Laraba ta matso da ƙoƙon, ta kau da kai. Ta ce, "Na ga idonka, ɗan nan. Ina kusa da kai. Da anka rufe shi, abin nan ya yi busa, kai kuka kaka yi. Babban mutum da gemu ba ya kuka kan wasa. Ka san wani abu. Sun hana ka hwaɗi ne."

Nan na ga Ɗalhatu ya rasa ta cewa, karo na farko a shekara bakwai. Ya dubi hannuwansa da laka ta bushe a kai.

"Kiɗan ne, Inna," ya ce a hankali. "Wallahi kiɗan ne. Ko yanzu kinka sa shi sai in yi. Ba ɗanki nika ma kuka ba. Ubana ya tahi Makka a ƙasa ina ƙarami. Innata ta yi shekara goma sha ɗaya tana aje mishi tuwo. Ba wanda yaz zo yac ce ya mutu, ba wanda yac ce shina da rai. In abin busan nan ya shigo, ita nika gani bakin ƙohwa."

Tsohuwar ta juyo da kanta a hankali, karo na farko, ta dube shi.

"Ka san wannan," ta ce, "kuma kay yi min."

Ta ci gaba, idonta a kansa.

"Ɗan fari na ne. Shekara arba'in da biyu ban taɓa kiran sunanai ba. Ko ran da anka yanka mishi rago ban hwaɗa ba. Kunya ce tamu. Kai ka ɗauke shi ka sa a bakin ƙarfe, gari duk ya ji, anka yi dariya, sannan kac ce Allah shi jiƙan shi. Ko kuka ban iya yi ba gaban mutane."

Ɗalhatu ya sunkuya har gemunsa ya taɓa ƙirji. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, ni da ke kusa da shi ma ban kama ba.

"Mi yac ce?" ta tambayi Manu.

"Ban ji ba, Inna."

Ta mai da fuska ga bango. "Gaban gari kak kashe shi. A ɗaki za ka tasar da shi?"

Laraba ta dube ni, ƙoƙon a hannunta, kunun ya sake yin sanyi. Ta ce, "Don Allah, Malam direba." Ban san abin da take roƙo na yi ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Na fita. Na kwance wayar majigi na haɗa ta lasifikar da ke kan mota, na juya bakinta wajen gari, na murɗa har ƙarshe. Na dawo na ɗaga tabarmar ƙofa na miƙa wa Ɗalhatu makirfo. Ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Magaji," ya ce, "in na hwaɗi haka, gobe wa zai yarda da allurar shanu?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya karɓa. Ya fito ba riga, da singileti da wandon da laka ta ɓata, ya tsaya a gaban mota. Ya hura makirfo sau biyu yadda ya saba. Jin ƙarar, mata suka bar sussuka, masu dawowa daga gona da dammunan gero suka tsaya, mai gari ya fito da buta a hannu. Kafin a jima fili ya cika kamar ran Asabar, sai dai ba zane, ba duhu, kowa na ganin kowa.

"Jama'a," ya ce. Ya tsaya. Wurin da ya saba cewa majigi ba ya ƙarya, ya haɗiye. "Jama'a, abin da kunka gani ran Asabar, bayan na alhazai, wasa ne na Turawa. Ba jirgin alhazai ba ne. Ba wanda yam mutu. Ban gaya muku ba don ina sauri, kuma don ina son ku ji abin da nij ji. Mutumin can ba ɗan garin ga ba ne. Ni nas sa mishi suna. Na san zai tashi, nac ce ya kwanta."

Ta ƙofar ɗakin ina hango Laraba durƙushe a bakin gado, ludayi a cike. Tsohuwar ta ɗago kai kaɗan daga matashi. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma kau da kai ba. Saurare take.

Ɗalhatu ya juya ya fuskanci ɗakin. Ya durƙusa a ƙasa da makirfon a hannu biyu, muryarsa ta fita ta kan rufin gidaje har garke.

"Inna Hure, ƙarya nay yi. Ba majigi ba, ba hadari ba, ni. Na ɗauki sunan da ba nawa ba na yi wasa da shi. Ki yi haƙuri, Inna. Don Allah ki yahe min."